Igiyoyin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Jiya muka binne Baba. Na rubuta wannan, na zauna ina kallonsa kamar wata ce ta rubuta.

Gidan a cike yake, ko'ina takalma. Duk wanda ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙan Kyaftin. Baba bai taɓa zama kyaftin ba. Duk shekarunsa a sojan ruwa shi ne mai kula da igiyoyi da anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a saman jirgi. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan bayan ya yi ritaya, ya gyara musu har ya gaji ya ƙyale su.

Yau da safe Yaya ya ce a cire igiyoyin gidan. Shekarun baya ne Baba ya bi bango ya kafa ƙusoshi masu zobe daidai ƙugu, ya zura igiya tun daga ƙofar ɗakinsu shi da Mama, ta bi baranda ta shiga kicin, wani reshe ya nufi banɗaki, wani ya ratsa tsakar gida har bakin ƙofa. Ga ƙulle-ƙulle iri-iri a jikinta. Ni da Yaya mun ɗauka kewar teku ce da tsufa. Har dariya muke a waya, wai Baba ya mayar da gida jirgi, saura ya raba mana rigar ceto. To jiya rigar wani babban baƙo ta maƙale a ƙusa ta yage, shi ne Yaya ya ce, "Auta, mutane na tafe, a kwashe wannan shirgin."

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, na ɗauko wuƙa. Mama tana ɗaki cikin mata masu gaisuwa, ba wanda ya tambaye ta.

Ba zan gaya wa kowa ba, amma na ɗan ji daɗin yankawar. Allah ya yafe mini.

Talata, 4 ga Maris

Mama ba ta ci komai ba, ba ta fito ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Tsofaffin abokan aikinsa sun zo, duk sun yi furfura, ɗaya da sanda. Suka jeru a gaban kujerarsa ta baranda suka ƙame, kamar yana zaune a kai. Na gudu kicin don kada in fashe da kuka a gabansu.

Mai sandan ya biyo ni neman ruwa. Ya ce wata rana iska ta taso musu a tsakiyar teku, ruwa na hawa jirgi yana share duk abin da ya samu. Babanku, in ji shi, ya ɗaura igiya a ƙugu ya fita shi kaɗai, ya shimfiɗa ta daga gaba zuwa baya, sai ga kowa yana iya tafiya aikinsa, hannu a kan igiya, ko bai ga gabansa ba. Yana maganar yana kallon ƙusoshin da ke bango ba komai a jikinsu. Ya ce, "'Yata, an cire ne?" Na ce an cire, Baba. Ya shanye ruwansa ya koma wajen abokansa.

Ni Baban da na sani daban ne. Mai usur da asuba. Mai duba shimfiɗar gado, in ya ga ta tattare a sake. Mai cewa kowane abu yana da mazauninsa, cokali ma ya san layinsa. Na tsani wannan tun ina ƙarama, shi ya sa da na sami aikin gwajin jini a asibiti mai nisa ban waiwaya ba. Amma kuma shi ne lokacin da Mama ta kwanta asibiti ya zaunar da ni tsakanin gwiwoyinsa ya yi mini kitso irin saƙar igiyar jirgi. Aka yi ta mini dariya a makaranta, na dawo ina kuka, ya ce to amma ya warware? Bai warware ba kam. Da ƙyar Mama ta tsefe shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Har yanzu ɗaki. Ko banɗaki sai ta ce in raka ta, ta riƙe hannuna gam. Matar Yaya ta ce baƙin ciki ne, a ba ta lokaci.

Mama ta zuba shayi a gefen kofi, ya malale a faranti, ba ta daina zubawa ba sai da na yi magana.

Asabar, 15 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina shara da safe na ga Mama ta fito baranda ita kaɗai. Na yi murna, na buɗe baki zan gaishe ta, sai na lura da hannunta. Tana shafa bango daidai ƙugu. Ta taɓa ƙusa ta farko, ta lalubi zoben, ta miƙa hannu gaba, iska kawai ta kama. Ta matsa ta sami ta biyu, nan ma babu komai. Ta tsaya cak a tsakiyar barandar da ta yi rabin rayuwarta tana sharewa, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba. Kafin in ajiye tsintsiya ta yi taku, goshinta ya bugi gefen ƙofar kicin.

Ina wanke mata jinin na ce, "Mama, ba kya gani ne?"

Ta ce, "Ina gane haske da duhu."

Tun yaushe? Tun shekarar da aka sare bishiyar tsakar gida. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Baba kaɗai ya sani. Ita ce ta sa ya yi mata alkawarin ba zai gaya mana ba. "Na san ku," ta ce. "Da kun ji za ku ɗauke ni daga gidana, ku ajiye ni a kujera kuna ba ni abinci a baki."

Shekara da shekaru ina zuwa hutu, tana dafa mini abinci, tana shanya kayana, tana raka ni bakin ƙofa. Ni ma'aikaciyar asibiti! Ina duba jinin baƙi a madubin gwaji duk rana, ban duba idon uwata ba. Hannunta kullum yana kan igiyar nan, ni ina cewa ta biye wa shirmen Baba.

Na ce mata ni na yanke. Ta ce, "Na sani. Na ji ƙarar wuƙar."

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaya wa Yaya. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana faɗa da mamaci. Wane irin rufin asiri ne wannan, da an sani da an kai ta wajen manyan likitoci, Baba da taurin kai har kabari. Na bar shi ya gama, don ni ma abin da ke cikina ke nan.

Sannan ya yanke magana: da zarar watannin takabarta sun cika zai ɗauke ta zuwa gidansa. Hawa na uku ne a bene. Ya ce akwai ɗaki mai kyau, har da talabijin. Na ce masa talabijin, Yaya? Ya harare ni.

Mama ta ce masa, "To." Bayan ya tafi ta ce mini, ba tare da ta juyo ba, "A nan na san inda rana take faɗowa a jikina da hantsi."

Laraba, 19 ga Maris

Na nemi igiyoyin, masu kwashe shara sun tafi da su tuni. Guntu ɗaya na tsinta a bayan tankin ruwa, da wani ƙulli dunƙulalle kamar ƙwai. Na juya shi na juya, ban ga ta inda ya fara ba balle inda ya ƙare.

Na je kasuwa. Mai shagon ya ce wane kauri? Ban sani ba. Na sayi ta roba mai launin shuɗi. Mama ta taɓa ta ce wannan tana ƙona tafin hannu, ta Babanku ta auduga ce, kuma yana goga mata kyandir don ta yi laushi. Gobe in koma in canza.

Litinin, 24 ga Maris

Na dawo aiki. Matar Yaya ta samo wata mai aiki da za ta riƙa wuni da Mama. Ɗakina yana nan yadda na bar shi, shiru, ba mai kiran sunana. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Kullum in na kira, Mama ta ce lafiya lau. Mai aikin ce ke gaya mini gaskiya: tana wuni a bakin gado, ta rage shan ruwa don kada ta nemi a kai ta banɗaki. Matar kirki ce mai aikin, amma jan ta take da hannu tana cewa yauwa Mama, taka a hankali, yauwa, kamar mai koya wa jariri tafiya. Na san Mama. Gara mata ƙishirwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na zo hutun ƙarshen mako, na ɗaura igiya daga ɗaki zuwa banɗaki. Na yi ƙulli a kan ƙulli irin na ɗaurin kaya, na ja na ga ya zauna. Mama ta bi ta, fuskarta har ta fara sakewa. A tsakiyar hanya ta ɗan yi tuntuɓe, ta saki nauyinta a kan igiyar kamar yadda ta saba, ƙullin ya zame.

Gwiwarta ta kumbura. Ba karaya, an duba.

Yaya ya kira, ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Ki daina wasan Baba da ran Mama. Kin yanke, kin dawo kina kwaikwayo, so kike ki ƙarasa ta?" Na ce waye ya ce a yanke? Ya kashe wayar.

Na zauna a kujerar Baba na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Haushin Baba nake ji. Ka gina mata gida a cikin gida, ka tafi ba ka bar wa kowa mabuɗin ba. Kai da kake cewa mai gadi ba ya barin wurinsa sai ya miƙa wa wani hannu da hannu, wa ka miƙa wa?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Da hantsi Mama ta ce in miƙo mata igiyar. Tana kwance, ƙafa a kan matashi. Na ɗauka so take in fitar da igiyar daga gidan.

Ta ɗora ta a cinya, yatsunta suka fara tafiya, fuskarta tana kallon rufin ɗaki. Kafin in gane abin da ke faruwa ta miƙo mini ƙulli, ta ce in ja. Na ja da duk ƙarfina, ƙara tamkewa ya yi. Ta ce, "Kin yi zaton shekarun nan ina shafa su ban san cikinsu ba? Tambaya ce ba ki yi ba. Ke da Yayanki duk ɗaya kuke, sai aiki ba shawara."

Ta ce ɗaurin Baba iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda ake barin masa jela, ja ɗaya ya kwance, shi yake yi wa igiyar shanya da duk abin da za a cire an jima. Akwai kuma wanda in an ja shi ƙara kamawa yake, shi yake yi wa abin da zai zauna. Sauran ƙullin da ke jikin igiya magana ce: ƙarami ɗaya, kicin ya kusa, biyu a jere, banɗaki, dunƙulallen nan mai kamar ƙwai, akwai tudu a gaba, ɗaga ƙafa.

Sai ta fara dariya ita kaɗai. Wai kafin ya bar ta ta taɓa igiyar, sai da ya ɗaure idonsa da ɗankwalinta ya yi kwanaki yana bin gidan, yana karo da kujeru, ƙaurinsa duk ya ƙuje. Ƙaton mutum da ɗankwali mai furanni a fuska, yana zagin ƙofar kicin da zagin sojoji. Ta ce duk inda ya buge, washegari ya gyara wurin. Zagayen da yake yi kullum da safe, wanda nake kira faretin Baba, igiyar yake dubawa ko ta saki.

Dariyar ta koma kuka. Wannan ne karon farko da na ga ta yi kukansa sosai.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yatsuna sun yi kanta. Mama malama ce mai zafi, in ta shafa ta ji bai yi ba sai ta ce, "Wannan ko akuya ba zai riƙe ba," ta kwance ta miƙo mini.

Da mai aikin ta fita sayayya, na ɗaure idona da ɗankwalin, shi dai mai furannin. Tsoro ya kama ni a gidan da aka haife ni. Amma hannuna ya gano abubuwan da idona bai taɓa gani ba. Ya goge kusurwar kowace ƙofa ta yi sumul. Ya yi wa murfin gwangwanin sukari tsaga ɗaya, na gishiri biyu. Madannin wutar kicin ya manna masa maɓallin riga. Ba wanda ya gaya wa. Mutumin da bai taɓa ce mata ina son ki a gabanmu ba.

Ni ma na bugi ƙauri, na kuma yi zagin. Mama daga ɗaki ta ce, "Ɗiyar ubanta!"

Talata, 13 ga Mayu

Shugabar ɗakin gwaji ta kira ni ofis. Ta ce ta yi haƙuri da zirga-zirgata, amma jikina yana nan hankalina yana can, in zaɓa. Ta ce ta ji ƙaramin asibitin da ke kusa da gidanmu yana neman mai gwaji, in ina so ta yi mini magana. Na ce a'a tun ba ta rufe baki ba. Wahalar da na sha kafin in kai nan, in koma wurin da madubin gwaji ɗaya ne tal? In koma ɗakin da na gudu daga cikinsa? A'a.

Asabar, 31 ga Mayu

An gama. Ɗaki, baranda, kicin, banɗaki, tsakar gida, bakin ƙofa. Na tsallake reshen da ke zuwa kujerar Baba, na ce kada ya tayar mata da hankali. Ta lura. Ta ce, "Mayar da shi. Ai ba shi kaɗai yake zama a kai ba."

Ta sha ruwa kofi biyu a gabana, da gayya.

Lahadi, 22 ga Yuni

Yaya ya zo da mota da kwalaye, wai a fara haɗa kaya.

Mama ta ce ya zauna. Ta tashi, hannu a kan igiya, ta wuce shi ta shiga kicin. Muna jin ƙarar ashana, ƙarar cokali. Ya miƙe zai bi ta, na riƙe masa riga. Ta dawo da kofin shayi a hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafa daidai tudun baranda, ta ajiye a gabansa. Ya ɗan zube a faranti, kaɗan. Ta ce, "Sha, Babba. Sukari biyu, ko ka canza?"

Na ɗauka mun ci nasara. Yaya ya sha, ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce a hankali, ba faɗa, "Auta, na gani. Amma in ta faɗi wa zai ji? Mai aiki tafiya take da yamma. Igiya ba ta ɗaga mutum. Ba igiya ce ta riƙe Mama ba, Baba ne yake nan."

Gaskiya ya faɗa. Na fi son sa lokacin da yake ihu, ya fi sauƙin amsawa.

Ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai dawo, magana ta ƙare. Zai fita hannunsa ya faɗa kan dunƙulallen ƙullin da ke bakin ƙofa. Ya riƙe shi, ya ce Baba ya taɓa koya masa wannan, ya manta. Ya shiga mota ya daɗe bai tayar ba.

Mama ba ta roƙe ni komai ba. Da ma ta roƙa, da na sami abin yin fushi da shi.

Laraba, 2 ga Yuli

Na ɗauki ragowar hutuna na shekara. In taya Mama haɗa kaya, shi ke nan.

Asabar, 12 ga Yuli

Kwalayen Yaya suna nan a kusurwa, ba wanda ya taɓa su.

Na lura yanzu da kaina nake farkawa da asuba, in bi igiyar ina ja, ina duba inda ta saki. Ba wani abu ba ne, auduga ce, tana saki in an yi raɓa. Shekaranjiya kuma na biya ta ƙaramin asibitin. Tambaya kawai na yi. Madubin nasu ba shi da laifi.

Yau na kafa sabbin ƙusoshi daga ƙofar Mama zuwa tsohon ɗakina, na rataya ƙaramar ƙararrawa a ƙarshen, in ta ja in ji. Na gaya mata na 'yan kwanakin da suka rage ne, kafin Yaya ya zo. Ta ce to.

Ta fito ta bi ta a hankali, tana shafawa kamar yadda take yi in za ta kama ni da kuskure. Ta iso ƙofata, yatsunta suka sami ƙullin ƙarshe. Ta zagaya shi, ta nemi jela ba ta samu ba. Ta ja shi, ya ƙara kamawa.

Ta ce, "Auta, wannan ba ya kwancewa fa."

Na ce shi hannuna ya saba da shi.

Ta daɗe tsaye da hannunta a kai. Sannan ta ja ƙararrawar sau ɗaya, alhali ina gabanta, ta ce a ɗora ruwan shayi. Na tafi na ɗora.